Daga filin jirgin Maraɗi zuwa na Zinder: kilomita 200 ta sama, 235 ta ƙasa, da tarihin da ke kwance a tsakani

 Darasin tarihinmu na yau ya faɗo kan wata tambaya da masu saurare ke yawan aiko muna: wai tsakanin filin jirgin Maraɗi da na Zinder kilomita nawa ne, kuma wacce hanya ta fi, ta sama ko ta ƙasa?

Ga amsa a gajarce. In jirgi ya tashi Maraɗi ya miƙe tsaye gabas, kimanin kilomita 200 zai ci ya sauka Zinder. Jirgi mai farfela, irin wanda ke jigila cikin ƙasa, minti 40 sun ishe shi. In kuwa kwalta kunka bi, wato babbar hanya mai lamba 1, ta Cadawa, Agye, Gazawa, Tasawa, Maijirgi, Takeita da Tirmini, to kimanin kilomita 235 ne, awa uku da rabi zuwa huɗu a kar in hanya na da kyau. Ratar da ke tsakani ba ta wuce kilomita 35 ba. Don kwatanci, Yamai zuwa Maraɗi kimanin 540 ne ta sama, 660 ta ƙasa. Yamai zuwa Zinder kuwa kimanin 740 ta sama, kusan 900 ta ƙasa.

Lissafi kenan. Amma abin da muke so mu nuna yau shi ne, hanyoyin ga biyu duka ba don haɗa Maraɗi da Damagaram anka fara buɗe su ba. Wasu sunka buɗe su don bukatar kansu. Ta ƙasa, talakawa sun karɓe ta sun mai da ita tasu. Ta sama kuwa har yau ba ta shigo hannunsu ba. Bari mu bi labarin sannu-sannu.

ZAMANIN AYARI

Mu koma ƙarni na 19. A lokacin Maraɗi da Damagaram ƙasashe biyu ne, kowace da sarkinta, da dakarunta, da inda ta sa gaba.

Bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, birnin Katsina ya faɗi wajen 1807, gidan sarautar Katsina na dauri ya fita gudun hijira. Inda sunka fara samun mafaka shi ne ƙasar Damagaram. Daga can ne Sarki Ɗan Kasawa da jama'arsa sunka dawo yamma, sunka zauna Maraɗi wajen 1819. Kun gani, ɗaya daga cikin manyan tafiye-tafiyen farko da sunka haɗa ƙasashen biyu tafiyar masu neman mafaka ce. Tun daga nan idon Maraɗi na kudu, wajen Katsina, garin da anka baro ana fatan komawa.

Damagaram ita kuma tana kai gaisuwa Barno, amma ta yi ƙarfi ƙwarai zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884. Shi ya kewaye Birni da ganuwa, a zamaninsa anka ƙera igwa cikin Zinder. Arzikin garin daga fatauci ya fito: ayarin raƙuma na saukowa daga Tarabulus ta Agadas da Damargu, su sauka Zango, sannan su wuce Kano. Gishirin Bilma, kanwa, gashin jimina, kirgi, tufafin Kano, da kuma bayi, don tarihi ba a ɓoye shi, duka ta nan suke bi.

Ma'ana, manyan hanyoyin wancan zamani arewa da kudu sunka miƙe. Maraɗi na duban Katsina, Zinder na duban Kano da Agadas. Hanyar gabas da yamma akwai ta, amma ƙarama ce, kuma Tasawa da ke tsakiya ta sha zama abin ja-in-ja tsakanin sarautun biyu.

Ayari mai jakkai da takarkarai na cin kilomita 25 zuwa 30 a wuni. Ku raba 235 da wannan, za ku samu kwana takwas zuwa tara, in ba a yi rashin lafiya ba, in ba a ji labarin mahara a gaba ba. Kuma madugu ba kilomita yake ƙirgawa ba, rijiyoyi yake ƙirgawa. Inda ruwa yake, nan zango yake. Shi ya sa har yau kwalta ke ɗan karkata arewa ta shiga Tasawa maimakon ta miƙe sak: ta bi garuruwa ne, garuruwa kuwa sun bi ruwa.

Akwai shaidar wannan a rubuce. A watan Janairun 1851 wasu Turawa uku da sunka ƙetaro Sahara tare sunka rabu. Richardson ya nufi Zinder. Overweg ya nufi Gobir da Maraɗi. Heinrich Barth, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdul Karim, ya bi ta Tasawa da Gazawa ya gangara Katsina da Kano. Wato ko baƙon da ya iso Tasawa, hanyar da ta fi jan shi ita ce ta kudu.

1899: JINI A KAN HANYA

Wanda duk ya bi hanyar ga a kar yana wuce wurare biyu da ya kamata ya san abin da ya faru cikinsu.

A 1898 anka kashe wani hafsan Faransa, Kyaftin Cazemajou, a Zinder, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A farkon 1899 wata rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta taso daga bakin kogin Kwara ta nufo gabas, da niyyar isa tafkin Cadi. Abin da rundunar ta aikata a hanya, na ƙone garuruwa da kashe mata da yara, har Faransa kanta sai da ta girgiza. Ita ce ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu cikin watan Afrilu, ita ce ta yi kisan Birnin Kwanni cikin watan Mayu. Gwamnatin Faransa ta aiko Kanar Klobb ya tsai da su, Voulet ya sa anka harbe shi a Ɗankori ranar 14 ga Yuli. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu baƙar fata sunka juya masu baya, sunka kashe Chanoine da Voulet a yankin Maijirgi. Kaburburansu na nan.

Wani zai ji sunan Maijirgi ya ɗauka da jirgin sama anka sa shi. A'a. Sunan na nan tun kafin jirgin sama na farko ya tashi a duniya a 1903. Jirgi ga Bahaushen dauri na ruwa ne.

Sauran rundunar ta ci gaba gabas. A ƙarshen watan Yuli ta haɗu da dakarun Damagaram a Tirmini, ƴan kilomitoci kafin Zinder. Bindigar Nasara ta rinjayi dawaki, Zinder ta faɗi, daga baya a cikin shekarar anka kashe Sarki Amadu Kuran Daga. To jama'a, layin da kar ke bi yau daga Tasawa zuwa Zinder, kusan shi ne layin da mamaya ta bi.

IYAKAR DA ANKA ZANA A TAKARDA

Ga wani abu da da yawanmu ba mu ji a lakwal ba. Akwai ƴan shekaru da, a takarda, Maraɗi da Zinder ba ƙasa ɗaya suke ba.

Yarjejeniyar Faransa da Ingila ta watan Yunin 1898 ta zana wani baka mai nisan mil 100, kimanin kilomita 160, kewaye da Sakkwato, ta ce duk abin da ke ciki na Ingila ne. Daga nan layin ya ɗan bi gabas kafin ya gangaro kudu. Da wannan zane, Dogon Dutsi, Kwanni, Madawa, Tsibiri da Maraɗi duka sun faɗa ɓangaren Ingila, Tasawa da Zinder kuwa ɓangaren Faransa.

Sai Faransawa sunka ga sun shiga uku. In za su kai abinci da harsashi daga bakin kogi zuwa Zinder, dole su kewaya ta Filinge da Tawa, ta dajin da rijiyoyi ke nesa da juna, inda dabbobi ke mutuwa da ƙishirwa. Sunka dinga neman Ingila ta ba su hanya mai ruwa. A yarjejeniyar 8 ga Afrilun 1904 Ingila ta yarda ta ja iyaka kudu. Cikin abin da Faransa ta bayar a madadi har da haƙƙinta na kamun kifi a gaɓar wani tsibiri da ke cikin Kanada ta yau. Anka ƙara gyara zanen a 1906, sannan daga 1906 zuwa 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila sunka bi ƙasa suna kafa alamun iyaka.

Ku duba taswira. Hanya mai lamba 1 ta baro Yamai ta gangara Doso, ta hau Dogon Dutsi, ta manne wa iyaka a Kwanni, ta wuce Madawa, Gidan Rumji, Maraɗi. Wannan lanƙwasar ita ta sa ratar sama da ƙasa tsakanin Yamai da Zinder ta kai wajen kilomita 150. Layin rijiyoyin da Faransa ta roƙa a 1904 ne. Da ba a yi wannan ciniki ba, ƙila yau ɗan Maraɗi sai ya nuna wa ƴan duwan takarda kafin ya isa Tasawa.

HANYAR KUMANDAN

Daga 1911 zuwa 1926 Zinder ce babban birnin ƙasar, har lokacin da anka mai da ita cikakkar mallakar Faransa mai suna Nijar a 1922. Saƙon gwamnati, wayar tangaraho, albashin soja, duka sai sun bi layin nan na gabas da yamma. Wa ya share hanyar? Kakanninmu. Kumandan ya aika wa sarki, sarki ya aika wa mai gari, mai gari ya fid da majiya ƙarfi. Su sare itace, su fasa marmara, su ɗauko ta a ka cikin kwanduna, su gina barikin saukar Bature, su yi dakon kayansa daga zango zuwa zango, sau da yawa a daidai lokacin da gonakinsu ke jiran su. Ba a soke aikin tilas ba sai a watan Afrilun 1946, da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. In kun ji tsoho na cewa hanyar ga da guminmu anka yi ta, ba karin magana yake ba.

A ƙarshen 1924 wasu motoci takwas na kamfanin Citroën, masu sarƙa a ƙafafun baya, sunka ƙetaro Sahara daga Aljeriya, sunka biyo ta Yamai, Tasawa da Zinder sunka wuce Cadi. Tafiyar talla ce, don a nuna wa duniya mota na iya ratsa Afirka. Amma ta nuna wani abu: tafiyar mako guda da ƴan kwanaki na iya komawa ta wuni ɗaya ko biyu.

Sai a 1926 Gwamna Brévié ya ɗauke babban birni ya mai da shi Yamai. Dalilan da ake faɗi sanannu ne: ƙarancin ruwa a Zinder, kusancinta da Kano da Turawan Ingila, ga Yamai kuma a bakin kogi, kusa da hanyar Dahome. Tun daga ranar tsarin tafiya a ƙasar ga ya canza. Kowane gari ya koma auna nisansa da Yamai. Zinder da ta kasance inda ake zuwa, ta koma inda ake tasowa. Wannan awo har yau shi ke mulkin jadawalin jiragenmu.

JIRGI YA ZO, AMMA WUCEWA YAKE

Jirgin sama ya fara leƙo yankin ga a shekarun 1920. A watan Fabrairun 1925 ɗaya daga cikin manyan jirage biyu na Faransa da ke neman isa Cadi ya faɗi a Yamai yana tashi. A watan Nuwamba na shekarar jiragen sojan Ingila sunka sauka Kano daga Masar. A ƙarshen 1933 Janar Vuillemin ya jagoranci ayarin jiragen soja kusan 30 da sunka zagaya mallakar Faransa, kuma Zinder na cikin inda sunka sauka.

Daga tsakiyar shekarun 1930 jigila ta kankama. Jiragen Faransa na tasowa daga Aljeriya su bi Gawo, Yamai, Zinder, Fort-Lamy da Bangi su kai Barazabil. Na kamfanin Sabena na Beljiyam su ma layin suke bi zuwa Kwango. Me ya sa Zinder? Lissafin mai ne. Daga Yamai zuwa Fort-Lamy, wato Injamena ta yau, kimanin kilomita 1,400 ne, Zinder kuma kusan a tsakiya take. Jirgin wancan zamani ba ya dogon zango, dole ya sauka ya sha mai. Filin jirgin Zinder tashar mai ce a kan hanyar Turai zuwa Kwango. Maraɗi ba ta cikin jerin ko kaɗan. Manomin Agye ko na Gazawa ƙara kawai yake ji a sama.

Bayan yaƙin duniya na biyu, da anka samu jirage masu dogon zango, bukatar saukar ta ragu. Abin da ya kawo jirgi Zinder shi ya ɗauke shi.

GYAƊA, ƳANCI DA KWALTA

A ƙasa kuwa, abin da ke motsa mota gyaɗa ce. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, don haka gyaɗar Maraɗi ta Katsina take bi, ta Damagaram ta Matamai da Magariya, duka zuwa Kano da Legas. Tsohuwar alƙibla ta kudu ba ta canza ba. Maraɗi ta bunƙasa da wannan ciniki, musamman bayan ambaliyar gulbi ta 1945 da ta sa anka ɗauke garin daga fadama anka mai da shi kan tudu. A nan ne asalin arzikin Alhazan Maraɗi. A 1953 Faransawa sunka ƙirƙiro wani tsari mai suna Hirondelle don karkata wani kaso na gyaɗar zuwa Paraku da Kwatano, abin da ya ƙara wa hanyar yamma manyan motoci.

Bayan ƴanci a ranar 3 ga Agustan 1960, gwamnatin Diori Hamani ta tarar da ƙasa mai tsawo wadda gabashinta ya fi sanin Kano bisa ga Yamai. Hanyar ga ta zama maganar siyasa, shi ya sa ake ce mata hanyar haɗin kai. A shekarun 1960 da 1970 anka bi ta da kwalta guntu-guntu, da taimakon ƙasashen waje. Ɓangaren gabas, daga Gure zuwa Gigimi, Kanada ta taimaka anka yi shi. Da kwalta ta haɗe, Maraɗi zuwa Zinder ta koma tafiyar safiya guda.

A sama ma gwamnati ta gwada. A 1966 anka kafa kamfanin Air Niger, wanda ke haɗa Yamai da Tawa, Maraɗi, Zinder da Agadas. Jirgi na tashi Maraɗi ya sauka Zinder don mutanen ƙasar. Sai dai su wa ke ciki? Manyan ma'aikata, ƴan kasuwa masu hali, Turawan kamfanoni. Kujeru kaɗan, kuɗi da yawa. Da farashin yuraniyom ya faɗi a shekarun 1980, aljihun gwamnati ya yi sanyi, kamfanin ya yi ta rarrafe har ya tsaya kafin tsakiyar shekarun 1990. Babban kamfanin Air Afrique, wanda Nijar na cikin ƙasashen da sunka kafa shi a 1961, shi ma ya rufe a 2002.

Cikin wannan giɓi ne kar ta ci kasuwa. Bayan kamfanin gwamnati na dauri, ƴan kasuwa sunka shigo da manyan motoci masu jadawali, irin su EHGM, Rimbo, Azawad da sauransu. A tashi Yamai kafin asuba, a iso Maraɗi da rana ta karkata, a shiga Zinder da dare. Ga kuma hiyas-hiyas masu tsayawa kowane ƙauye. Nan ne hanyar kumandan ta gama zama hanyar talaka.

FILAYEN JIRGIN BIKI

Filayen jirginmu kuwa sun sake samun kulawa ne ta dalilin bikin 18 ga Disamba, ranar da anka kafa Jamhuriya a 1958. Zamanin Shugaba Tandja Mamadou anka fara zagayawa da bikin jaha-jaha, Zinder ta karɓa a 2006. Zamanin Shugaba Mahamadou Issoufou anka farfaɗo da tsarin: Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017, Zinder Sabuwa a 2018. Kowane biki na zuwa da gyaran tituna, gidajen baƙi da filin jirgi, don manyan baƙi ta sama suke isowa. A 2014 kuma kamfanin Niger Airlines ya fara jigila tsakanin Yamai da manyan biranen jihohi. Shekaru da dama jiragen Majalisar Ɗinkin Duniya, waɗanda hukumar abinci ta PAM ke gudanarwa, na sauka Maraɗi da Zinder, amma su ma'aikatan agaji suke ɗauka.

Gyara an yi, babu musu, kuma abin godiya ne. Amma ku lura da tsarin: jiya don jirgin Kwango ya sha mai, yau don baƙin biki su sauka. Kullum wani dalili daga waje ke tada filin.

TO WACCE TA FI?

Mu yi lissafi daga ƙofar gida zuwa ƙofar gida, don shi ne na gaskiya. Mai tafiya ta sama sai ya hau kabu-kabu ko adaidaita zuwa filin jirgi, ya isa awa guda ko biyu kafin tashi, a binciki kaya, a yi minti 40 a sama, a jira jaka, a sake neman abin hawa zuwa cikin gari. Awa uku sun tafi. Mai kar awa huɗu. Ribar awa guda ce, a kan kuɗin da ya ninka na mota sau da yawa, kuma in an dace akwai jirgi a ranar. Tsakanin Maraɗi da Zinder kaɗai, ƙasa ta yi nasara, kuma za ta ci gaba da yi.

Inda jirgi ke da magana shi ne dogon zango. Yamai zuwa Zinder wuni guda ne cur a kar, daga asuba har bayan isha'i. A jirgi bai cika awa biyu ba. Ga marar lafiyar da anka tura babban birni, ga malamin jami'a mai jarrabawa gobe, ga ɗan kasuwar da kayansa ke jiran sa hannu, ga tsohon da za shi aikin hajji, wannan bambanci ba na jin daɗi ba ne, wani lokaci na rai ne. Zangon Maraɗi zuwa Zinder ta sama amfaninsa shi ne ya zama guntu cikin sarƙa: Yamai, Maraɗi, Zinder, Difa. Jirgi guda ya kwashi mutanen gari biyu, kujeru su cika, kuɗin tikiti ya sauko.

Akwai kuma abin da lissafin awa ba ya nunawa. Jirgi ba ya tsayawa Cadawa a ɗora buhunan aya. Ba ya tsayawa Gazawa ko Tasawa mata su sai da abinci ta tagar mota, ba ya tsayawa Takeita a ɗauki raken Matamai da Kance. Kilomita 35 ɗin nan da kwalta ta fi jirgi, da tsaye-tsayen da ke sa fasinja tsaki, su ne abincin gidaje da yawa. A ƙidayar 2012 jahar Zinder na da mutum miliyan 3 da rabi, ta Maraɗi miliyan 3 da dubu 400, cikin miliyan 17 na ƙasar baki ɗaya. Kashi 40 cikin 100 na ƴan Nijar kenan, kuma wannan zare guda na kwalta ya haɗa su. Ta kansa ɗaliban jami'o'in garuruwan biyu ke zuwa gida hutu. Ta kansa motocin dakon man matatar SORAZ, wadda ta fara aiki a 2011, ke bi zuwa yamma. Ta kansa ake zuwa biki, ta'aziyya da kallon kokowa.

Darasin 2023 ma bai yi nisa ba. Bayan juyin mulkin watan Yuli anka rufe iyakoki, anka rufe sararin samaniyar ƙasar wajen wata guda. Abin da ya rage wa jama'a shi ne kwalta.

ABIN DA YA RAGE MUNA

Tarihin ga na koya muna abu uku, kuma muna miƙa su ga magabata da ladabi.

Na farko, hanyar ƙasa ita ce uwa. Rami guda da anka bari ya girma, gadar da ruwan damina ya ci gindinta, direban da anka sa ya yi dare ya yi rana, motar da anka yi wa lodin da ya wuce kima, duka a jikin talaka suke ƙarewa. Kusan babu unguwa a Maraɗi ko Zinder da ba ta taɓa karɓar gawa daga hanyar ga ba. Kuɗin hanya da ake biya a shinge ya kamata a gan shi a kan hanya. Mu ma fasinja muna da namu: in direba na gudun wuce sa'a, mu yi magana. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Na biyu, filin jirgi ba ya rayuwa da fenti. Jadawali yake so wanda ba ya canzawa, wanda ɗan kasuwar Kasuwar Dole ko na babbar kasuwar Maraɗi zai iya dogara da shi wata da watanni, da kuɗin tikitin da matsakaicin mutum zai iya kai hannu. In ba haka ba za mu ci gaba da mallakar filayen da muke gani ta bayan waya.

Na uku, mu sa ido kan abin da ke tafe. A watan Fabrairun 2021 anka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya, kimanin kilomita 284. Kun gani, kudu ya sake dubawa, kamar ayarin dauri, kamar gyaɗa. Alheri ne in ya kammala. Amma kayan da za su sauka Maraɗi, ta ina za su kai Tasawa, Zinder da Gure? Ta wagga kwalta dai. In ba a shirya ta ba, nauyin zai fi ƙarfinta.

Sannan muna roƙon a kafa alluna a Maijirgi da Tirmini, da Hausa da Faransanci, masu bayanin abin da ya faru a 1899, don yaron da ke wucewa a kar ya san ƙasar da yake takawa.

Masu dattawa a gida, ku tambaye su: kwana nawa sunka taɓa yi tsakanin Maraɗi da Damagaram, a ƙafa, a jaki ko a bayan kamiyo kafin kwalta? A ina suke kwana, wace rijiya suke sha? Ku aiko muna, mu karanta a shiri na gaba, don irin wannan tarihi ba ya cikin takardun Nasara, a bakin tsofaffi yake, su kuwa suna tafiya.

Allah ya kai matafiya lafiya, na sama da na ƙasa. Allah ya jiƙan waɗanda sunka share hanyar da waɗanda sunka rasa rai a kanta. Sai mun sake haɗuwa.